Kifin Ƙawar Mama

Tun da idon Mama ya tafi, cefane ya dawo wuyan Auta, kuma ba ta taɓa ƙorafi ba. Damuwarta ɗaya ce: Mama ta daina cin abinci. Likita ya hana ta jan nama, ya ce a riƙa ba ta kifi ɗanye, amma da an ajiye mata kwano sai ta shinshina, ta ɗan tsakura, ta ture. Ga ta tana ta zubewa, har zani ya fara zagaye ta sau biyu.

Ran nan Auta ta yi sammakon kasuwa. Ta bi layin masu ganye tana tattare bakin zani, don ƙasan wurin ba ya bushewa ko da rani, ta wuce masu kaji da hayaniyarsu, ta faɗa rumfar 'yan kifi inda ƙarni ke yi wa mutum maraba tun daga nesa. Teburin Gwaggo ne na ƙarshe, kusa da famfo. Gwaggo ba jininsu ba ce, amma ta fi wani jinin. Shekara da shekaru tana sayar da kifi Mama na sayar da tumatir a gefenta, kwano ɗaya suke ci, ita ce ma ta goya Auta lokacin da ake yaye ta.

"'Yata ta kaina," in ji Gwaggo tana kora ƙuda. "Ya jikin ƙawata? Har yanzu tana yi wa abinci yanga?"

"Wallahi Gwaggo abin ya ishe ni. Ba ta ci."

"Tsufa ne. Zaɓar mata mai kyau."

Auta ta zaɓa yadda Mama ta koya mata tun tana ƙarama. Ta duba ido ta ga garau, ta ɗaga kunnen ta ga cikinsa ja, ta danna tsoka da yatsa ta ga ta dawo. Ta ɗauki wani mai ƙiba wanda wutsiyarsa ta ɗan yage, ta miƙa. Gwaggo ta shige da shi bayan buhun da ta rataya kamar labule, inda take gyara. Kullum da hannunta take gyaran kifin Mama, ta kankare, ta yanka, ta cire kai ta yar don kada ƙaya ta maƙale wa makauniya. Auta ta sha ba mutane labarin wannan kirkin.

Sai ta tuna Mama ta ce tana marmarin romon kai. Ta zagaya ta bayan famfo don ta ce a bar mata shi.

Kifinta na kwance cikin ƙanƙara, lafiyarsa lau, da yagaggiyar wutsiyarsa. Wanda ke ƙarƙashin wuƙar Gwaggo daga wani bokiti ya fito a ƙasan tebur. Idonsa ya faɗa ciki ya yi fari, cikinsa ya saki. Gwaggo ta sare kan da sauri irin na wanda hannunsa ya saba, sannan ta ɗago suka haɗa ido.

"Gwaggo, tun yaushe?"

Gwaggo ba ta ko ajiye wuƙar ba. "Ke yarinya ce. Kwantai ne, ba guba ba. In na ba baƙo ya dawo ya tara mini jama'a. Ku kuwa na gida ne."

"Shi ya sa kike cire kan."

"To ita gani take yi?"

Wannan maganar ta fi kifin wari. Auta ta so ta yi ihu kasuwa ta taru, amma ta fasa. Ashe duk addu'ar da take yi wa matar nan, da gaisuwar da take kaiwa tana kawowa, kwantai take dako zuwa bakin uwarta. Ta juya ta bar rumfar. A wurin wani mutum da ba ta taɓa ko gaisawa da shi ba ta sayi kifi, ta tsaya a kansa ya gyara a gabanta, da kai da komai.

Da rana ta ajiye wa Mama kwano. Mama ta sunkuya ta shinshina, ta daɗe a haka, sannan ta sa hannu. Ta ci tsoka, ta tsotse kai, ta shanye romo har tana neman ƙari. Auta na zaune a bakin gado tana kallo.

"Yau kam kin je wurin ƙawata," Mama ta ce tana lasar yatsa. "Ni ban yi magana ba ne kawai, Auta. Na san hidimata ta yi miki yawa, shi ya sa kike lallaɓawa wurin masu araha. Ban riƙe ki a zuciya ba. Amma hancina bai makance ba, na san ita ba za ta taɓa ba ni na jiya ba."

Auta ta buɗe baki. Ta dubi fuskar Mama, wadda rabon da ta yi haske haka tun kafin ciwo, sai ta haɗiye maganar. Ta ɗauki kwanon ta ƙara mata romo.

"Ta ce a gaishe ni?" in ji Mama.

"Ta ce a gaishe ki, Mama."