Hannun da Aka Gani Ta Gilashi

Maigadi ya tare ƙofar zauren taron da hannu ɗaya. Masu gida kaɗai za su shiga, in ji shi, ko wanda mai gida ya wakilta. Shafi'u ya miƙa takardar da Madam Teoh, tsohuwar da yake haya a gidanta, ta sa wa hannu. Maigadin ya duba takardar, ya dubi fuskarsa, ya sake duba takardar, sannan ya kauce.

"Shiga, Dakta," in ji Nahum, maƙwabcinsa, daga baya. "Mu muna nan waje kamar akuyar Kirsimeti, muna jira mu ji ranar yanka."

Sauran 'yan hayan suka yi 'yar dariya. Shafi'u bai yi ba.

A Kuala Lumpur ba a zaɓen magajin gari, gwamnati ce ke naɗa shi. Ƙuri'ar da ke taɓa kwanan mutum da tashinsa ita ce wadda masu gidaje ke kaɗawa a dogayen benaye sau ɗaya a shekara. A wannan bene na Taman Melati, batun bana shi ne a daina ba 'yan Afirka haya, waɗanda ke ciki kuma kada a sabunta musu. Tun da 'yan sanda suka kama wasu samari masu damfarar intanet a hawa na tara, mutane suka daina shiga lif idan akwai baƙar fata a ciki.

Nahum ne ya je ya roƙi Madam Teoh ta ba Shafi'u wakilcinta. Shi mai gidansa yana Singapore, ko waya ba ya ɗauka. "Kai ka fi dacewa," ya ce masa a lokacin. "Tare kuke salla da su. Ni in na buɗe baki, ɗan damfara kawai za su gani."

* * *

Abin da Nahum bai sani ba ya faru ne ranar Alhamis kafin taron, bayan la'asar, a ƙaramin masallacin benen. Shugaban kwamitin masu gidaje, Encik Razlan, ya jira Shafi'u a wurin ajiye takalma.

"Ɗan'uwa Shafi'u, kai mun san ka," ya ce da Turanci, a tausashe. "Ba irinku ake nufi ba. Za a bar wa kwamiti ikon ware iyalan da ya amince da su. Sunanka ne na farko."

"Maƙwabcina fa? Shekararsa shida a nan. Injiniya ne."

"Ba ma ganinsa a masallacin nan. Wa zai tsaya masa?" Ya sa takalminsa ɗaya, ya ɗago. "Na ji kai ke riƙe da ƙuri'ar Madam Teoh. Ɗaga hannu ake yi, kowa na ganin kowa. Zai yi mini wuya in kare mutumin da ya ƙi kwamiti a bainar jama'a. Ka gane, ko?"

Shafi'u ya gane. A gida ya taɓa ganin zaɓen kansila inda ake bin layi a bayan hoton ɗan takara, mai unguwa na zaune a inuwa yana kallon wanda ya tsaya a ina. Har muƙala ya rubuta a kai lokacin digirinsa na biyu.

Da ya gaya wa matarsa Hussaina, tana yanka albasa, ba ta ɗago ba.

"Abban Zuhra, wa ya samo mana gidan nan in ba Nahum ba?"

"Na sani."

"Wa ya kai ni asibiti ranar da kana jami'a a Jalan Semarak wayarka a kashe?"

"Na ce na sani, Hussaina. Amma dubi cikinki. Dubi ni, saura 'yan watanni in ƙare digiri na uku. Kin manta yadda muka yi yawon neman gida? Da sun ji Najeriya sai su kashe waya."

"Ban manta ba," in ji ta. Ta tura albasar cikin mai.

* * *

Zauren yana da sanyin na'ura, bangonsa ɗaya kuma gilashi ne mai kallon wurin ninkaya. A can 'yan hayan suka zagaya suka jeru. Suna ganin komai, ba sa jin komai. Nahum na gaba, ya sa hannaye a aljihu.

An yi maganar fenti, an yi ta wurin ajiye motoci. Da aka zo kan batun, wata mata ta ce tana tsoron barin 'ya'yanta a lif. Wani dattijo Ba'indiye ya ce shi ɗan hayarsa ɗan Jos ne, bai taɓa ba shi ciwon kai ba, kuma ba a hukunta nahiya saboda ɗaki ɗaya. Aka tafa wa kowannensu, tafin kusan daidai. Shafi'u ya shirya abin da zai faɗa tun da safe. Ya bar shi a bakinsa.

Encik Razlan ya gyara tabarau. "Yau bari mu fara da masu ƙi," ya ce.

Hannuwa suka tashi, da yawa, fiye da yadda Shafi'u ya zata. Nasa na kan gwiwarsa. Ya ji idon shugaban ya biyo layin kujeru ya tsaya a kansa. Idan ya ɗaga kuma aka faɗi, ya rasa gida a banza. Idan ya ɗaga aka ci, wa ya san abin da kwamiti zai ƙirƙiro baɗi? Yana cikin wannan lissafi aka gama ƙirga.

"Masu goyon baya."

Ya ɗaga. Bai kai shi sama sosai ba, amma mai ƙirga ta nuna shi da biro. A daidai lokacin ya waiga ga gilashin. Nahum na kallonsa, ya dafa ƙirji da hannun dama, ya sunkuyar da kai.

Ƙuri'a ɗaya ce ta raba, masu goyon baya suka ci.

* * *

A duk taron da Nahum ya taɓa zama, na coci ko na ƙungiya, masu goyon baya ake fara kira, masu ƙi su biyo. Don haka da Shafi'u ya fito, shi ya fara rungume shi.

"Na gan ka, Dakta. Wallahi na gan ka. Kai kaɗai baƙi a cikinsu, ka ɗaga hannu a gaban mutumin nan." Ya juya ga sauran. "Mun faɗi, amma ɗan Kano bai ba mu kunya ba."

Shafi'u ya buɗe baki. Wani ya kama hannunsa yana girgizawa, wani ya biyo. Ya rufe.

Ƙarshen wata hayar su Nahum ta ƙare. Sun samu wani ɗaki can bayan gari, jirgin ƙasa biyu da bas kafin ya isa wurin aiki. Ranar tashi Shafi'u ya taya su sauko da kaya. Da Nahum ya ji cewa su Shafi'u an bar su, sai ya ce Allah ne ya saka masa.

Christy, matar Nahum, ta hau ta ƙwanƙwasa musu ƙofa da kula a hannu.

"Maman Zuhra, ga gwaten acca, na ƙarshe a kicin ɗin nan. Na Dakta ne, ke kar ki taɓa, kin ji? Mai ciki ba ta da amana a kan abinci."

Hussaina ta karɓa da hannu biyu. "Allah ya bar zumunci, Maman Ƙauna."

Da motar kayan ta fita, ta ajiye kular a kan tebur, ta kawo cokali ɗaya ta sa a gefe. Ba ta tambaye shi komai ba, tun ranar taron ma ba ta tambaya ba. Ta ja Zuhra suka shiga ɗaki.

Shafi'u ya zauna. Ta taga yana hango ma'aikata biyu a kan tsani suna ɗaura sabon ƙyalle a bakin get, da manyan haruffa ja, ba a ba 'yan Afirka haya a nan. Ya karanta shi har ƙasa. Babu inda aka rubuta ban da wane.

Har aka kira magariba murfin kular na rufe.