Garin da Uwais Ya Goge

Mas'ud malamin firamare ne a Faskari, amma asalinsa ɗan wani ƙauye ne a dajin Sabuwa, wanda 'yan bindiga suka tayar shekara huɗu da suka wuce. Ba shi da kwamfuta. Ta abokinsa Uwais, mai shagon buga takardu a bakin tasha, ita yake ara duk Asabar da hantsi, ya zauna kan benci ya buga wani tsohon wasa da suke kira Kufai.

Wasan ya tsufa. Hotonsa dishi-dishi, mutanen ciki ƙanana kamar tururuwa, magana kuwa sai dai ka karanta. Labarinsa duniya ce bayan yaƙi ya cinye ta, kai kuma ka fito daga rami kana neman ruwa da iri. Abin da ya kama zuciyar Mas'ud shi ne wasan yana barin mutum ya zaɓa. In mahara suka tare hanya, kana iya zama da shugabansu ka yi ta lallashi har su janye. Cikin wata goma sha ɗaya ya tara mutum talatin da biyu, ya haƙa musu rijiya, ya kewaye gari. Ya raɗa wa kowannensu sunan wani na ƙauyensu: Baba Barau mai gyaran keke, Laraba mai daddawa, Ɗanlahadi. Masu sunayen, wasunsu suna gudun hijira a Funtuwa, wasu ƙasa ta rufe su.

Wata Asabar Uwais ya tarbe shi da fara'a tun daga ƙofa. "Malam, yau za ka ga abu. Na samo Kufai na biyar, sabo fil."

Da ya kunna, Mas'ud ya saki baki. Ciyawa na kaɗawa, ana ganin tsatsa a jikin kwanon rufi, mutane na magana da muryarsu. Ya ja kwamfutar gabansa. Aikin farko da wasan ya ba shi, ya je wani ƙauye ya kwaso hatsi. Ya nemi dattijon garin don su yi magana. Amsa biyu aka ba shi ya zaɓa, ya gwada kowace, duk a bakin bindiga suka ƙare.

"Harba mana!" in ji Uwais yana dariya. "Nan ake samun makamai masu kyau."

A allon, wata mata ta fito daga rumbu da gudu, goye da yaro. Kukan yaron kamar a bayan shagon ake yin sa. Mas'ud ya janye hannunsa.

"Wannan ba Kufai ba ne. Suna kawai suka ɗauka."

"Haba Malam, dubi hoto fa. Wancan kau sai karatu kamar ana jarrabawa."

"Wancan yana tambayarka mi kake so ka zama. Wannan ya riga ya yanke maka. Maido mani tsohon."

Uwais ya sosa ƙeya, ya dubi injin buga takarda. "Sabon yana da nauyi. Wuri bai isa ba."

"To?"

"Na goge shi."

"Har garin?"

"Duka dai."

Uwais ya san sunayen nan. Shi da bakinsa ya tuna masa da Ɗanlahadi ranar da aka gama rijiyar, shi ya ce ko kwamfutar za ta cika, takardunsa zai fara gogewa.

"Wasa ne fa, Malam," in ji Uwais a hankali.

Mas'ud ya sa takalmansa ya fita, ko sallama bai yi ba.

Bayan kwana shida Uwais ya aiko masa saƙo a waya cewa ya sake samo tsohon, ya cire sabon. Mas'ud ya je. Ya tarar da wasan a farkonsa, mutum ɗaya tsaye a bakin rami, ba rijiya, ba kowa. Ya ɗora yatsa zai rubuta sunan farko, ya kasa. Ya ce wa Uwais ya maida sabon nasa, ya gode.

Har yanzu suna gaisawa in sun haɗu a masallaci. Amma tambayoyin jarrabawar ajinsa, Mas'ud har garin Mairuwa yake hawa babur ya kai a buga masa. Uwais yakan gaya wa mutane Malam ya yi fushi da shi a kan wasan kwamfuta, su yi dariya, Mas'ud kuwa bai taɓa gyara masa zancen ba.