Man Birkin Baba Sabitu

Ƙafar Ni'ima ta nutse da birkin har ƙasa, motar kuma ba ta ko nuna ta ji ba. Ta fizgi birkin hannu tana salati, suka tsaya kamu ɗaya tsakaninsu da bayan wani keke a shataletalen Wunti.

"Ba ki iya ba ne," in ji mahaifinta daga kujerar baya. "Bugawa ake yi sau uku."

Ƙarfe goma sha ɗaya saura. Ƙarfe biyu likitan ƙoda zai ga mahaifin nata, Malam Sabitu, a Jos, ranar da suka yi wata huɗu suna jira. Ƙafafunsa sun kumbura har silifas ba ya shiga, motar haya kuwa ba zai iya matsuwa a cikinta ba. A giya ɗaya ta lallaɓa har garejin Micah a Fadaman Mada.

Micah ya buɗe ɗan kofin man birkin, ya tsoma yatsa ya shinshina. Abin ya yi baƙi kamar ruwan kwata, ga kumfa a sama.

"Malama, yaushe rabon da a canja wannan?"

"Canja me?" Tsohon ya leƙo ta taga. "Shekara talatin da biyu ina tuƙa manyan jami'an ma'aikatar gona. Man birki ƙara shi ake yi, ba a zubarwa. Ku dai yaran yanzu komai sai kun kwance."

"Baba, ni ma jika uku gare ni," in ji Micah. "Man nan danshi yake sha. Shekara biyu, a zubar a sa sabo. In ba haka ba, ka bi gangara birki ya yi zafi, ruwan ciki ya tafasa ya zama tururi. Tururi kuwa ba ya riƙe mota." Ya murza yatsunsa. "Amma wannan ya wuce danshi. Wa ya zuba sabulu?"

Ni'ima ta juya. Malam Sabitu yana kallon bishiyar dalbejiya kamar yau aka dasa ta.

"Baba?"

"Na ga ya yi ƙasa ne jiya. Haka muke yi a daji in mai ya yanke, ruwa da garin sabulu. Ya kai ni Ningi ya dawo da ni."

Tun da ciwo ya raba shi da sitiyari, kullum da safe sai ya dogara sanda ya zagaya motar, ya duba wannan ya goge wancan. Ita ta bar shi, don shi ne kaɗai aikin da ya rage masa.

"Minti nawa, Micah?"

"Awa ɗaya, in robar cikin birkin ba ta cinye ba. Taya huɗu, kowacce sai na fitar da iska."

Ta kira asibitin. Wata murya ta ce in sun wuce biyu, sai kuma bayan wata uku. Ni'ima ta dubi ƙafafun nan masu sheƙi. Ba sai likita ya gaya mata ba, ta san ba su da wata uku.

"Ɗiba masa sabo ka ƙara, mu tafi," in ji tsohon. "Ajali ba ya wuce ranarsa."

"Gaskiya ne, Baba," in ji Micah. "Amma gangaren Panshanu da ke hanyar Jos bai san wannan karatun ba. Kuma ba ku kaɗai ne a hanya ba."

Ni'ima ta tsaya da makulli a hannu, rana tana dukan ƙeyarta. Duk rayuwarta ba ta taɓa musa wa mutumin nan magana a kan mota ba.

"Zubar da shi duka," ta ce.

Micah ya shige ƙarƙashi. Ana bukatar mai taka birki daga sama, ta nufi ƙofa, sai ta ji sandar mahaifinta ta tare ta.

"Kauce. Ba ki san bugu ba."

Da ƙyar suka zaunar da shi a mazaunin direba. "Buga, Baba! Riƙe!" Micah yana kira daga ƙasa, baƙin ruwa yana tsartuwa cikin gora. Tsohon yana takawa yana cije leɓe, gumi yana bin gemunsa. A taya ta huɗu ya taka, abin ya tokare shi kamar dutse. Ya sake takawa. Ya bar ƙafarsa a kai.

Sha biyu da kwata suka fita. Ni'ima ta riƙe sitiyari da hannu biyu, tana tafiyar nan ta sittin da ya koya mata, wadda bai taɓa yarda ta haura ba. Suna barin gari ya dafa kujerarta.

"Ke, Ni'ima."

"Na'am, Baba."

"Yanzu kina da abin tsayawa. Ba ta wuta."