Surukin Baba Bariso

"Ku rage murya mana, don Allah! Ba ku ga yana fama da numfashi ba?"

Asama'u ce ta faɗi haka da Turanci, tana tsaye a bakin falo riƙe da flas ɗin kunun gyaɗa. Dattawa biyu, abokan mara lafiyar, suka juyo suka dube ta, sannan suka ci gaba da musunsu da harshen Oromo ƙasa-ƙasa, kowa na nuna talabijin da yatsa. A allon, jirgin Habasha ne ya sauka a Asmara karon farko cikin shekara ashirin, mutane na rungumar juna suna kuka.

Baba Bariso na kwance a gadon asibitin da aka kafa masa a falo tun da ya daina iya hawa bene, robar oksijin a hancinsa. Shekara uku ke nan shi da Asama'u suna maƙwabtaka a wannan layi na unguwar Gorton, bango ɗaya ya raba su. Ita da mijinta Habu sun zo karatu ne, shi kuwa gudun hijira ya kawo shi. Tun da aka rage wa carer ɗinsa, mai zuwa kula da shi, lokaci zuwa minti goma sha biyar, ciyar da shi ya koma hannun Asama'u ba tare da kowa ya ce mata ta yi ba.

Ta zauna ta zuba kunun a kofi. Lencho, dogon cikin dattawan, ya juyo ya koma Turanci, kamar yana neman mai raba gardama.

"Wai wannan yana murna don ɗan Oromo ya zama firayim minista. Kujera ce kawai suka ba mu aro! Yaranmu nawa aka harbe a titi kafin a kai nan?"

"Ai dai an buɗe kurkuku," in ji Jamal, gajeren. "An yi sulhu da Eritriya. Gobe-gobe kayanmu za su bi ta tashar jiragen ruwa ta Asab."

Da jin sunan Asab, Baba Bariso ya ɗaga hannu. Suka yi tsit.

"Shekara goma sha tara ina tuƙa injin ɗaga kaya a tashar nan," ya ce, yana tsayawa bayan kowace kalma biyu. "Buhunan kofi na ƙasarmu nake lodawa a jirgi, amma ko sau ɗaya ban ji an kira sunan Oromo a takardar kayan ba. Rana ɗaya aka ce tekun ba namu ba ne, mu fita. Na koma gida, aka ce ni ɗan tawaye ne, aka kulle ni shekara huɗu." Ya yi tari mai tsawo. "Yanzu kowa na cewa teku, teku. Ƙasa ba teku gida ne ba ƙofa, na sani. Amma in an samu ƙofar, wa zai riƙe makullin?"

Ya sha kunu cokali uku ya kau da kai.

Da dattawan suka fita salla, ya kama bakin mayafinta.

"'Yata, kin san Birmingham?"

"Na taɓa zuwa, Baba."

"Caltu tana can. Tana aiki a wani kantin magani a Small Heath." Ya rufe ido. "Ba ta ɗaukar wayata. Ni na fara daina ɗaukar tata."

Asama'u ta san labarin sama-sama daga bakin Jamal. Caltu ce kaɗai 'yarsa da ta rage. Shekara shida da suka wuce ta auri wani Ba'amhare, ɗan wata ƙabilar Habasha daban, mai suna Dawit, uban ya ce ba da yawunsa ba, ba zai haɗa jini da jikokin waɗanda suka ƙwace gonar kakansa ba.

Da ta koma gida ta kasa zama. Ta buɗe kwamfuta, ta rufe. Ta wanke kwanukan da ta riga ta wanke. Habu ya ɗago daga littafinsa.

"Ke, lafiya? Ba Monday ne deadline ɗin chapter ɗinki ba?"

"Gobe zan je Birmingham."

"Birmingham kuma? Asama'u, rigimar ƙabilancin mutane ce fa. Mu da muka baro tamu a Jos, mu zo nan mu tsoma baki a ta wasu?"

"Nurse ta ce kwanaki ne suka rage, ba makonni ba. In ban je ba wa zai je? Lencho?"

Habu ya ɗauki wayarsa. "Bari in duba miki coach na safe."

Awa biyu da rabi tana kan hanya a cikin bas, tana shirya maganar da za ta yi tana warwarewa. A Small Heath sai a kanti na uku ta same ta: mace doguwa, goshin ubanta sak, tana liƙa takarda a kwalin magani. Asama'u ta gabatar da kanta. Caltu ba ta daina liƙawa ba.

"Shi ya aiko ki?"

"Ya faɗa mini inda kike. Bai ce in zo ba, bai ce kar in zo ba."

Caltu ta yi dariyar da ba ta daɗi ba. "Halinsa ke nan kam. Kin san ranar aurena abin da ya aiko? Aiko Jamal ya yi ya ce mini wai 'yarsa ta mutu a hanyar Kenya. Dawit kuwa a Leeds ya girma, ko Habasha sau biyu ya taɓa zuwa. Gonar wa ya ƙwace?"

"Ban zo in ce yana da gaskiya ba, 'yar'uwa. Kunu cokali uku yake sha a wuni. Abin da na zo faɗa miki ke nan."

Hannun Caltu ya tsaya. Ta daɗe tana kallon kwalin.

"Ba zan zo ni kaɗai ba," ta ce.

Ranar Lahadi da hantsi Caltu da mijinta suka iso a wata ƙaramar mota shuɗiya. Ana yayyafi. Asama'u na leƙe ta taga tun ƙarfe tara, ta fito da sauri ba ko takalmin kirki. Lencho ya riga ta tsayawa a bakin ƙofar Baba Bariso, ya harɗe hannu a ƙirji.

"Ita ta shiga," ya ce. "Shi a'a. Mutumin nan ya sha duka shekara huɗu saboda sunan Oromo. Ba zai mutu yana kallon wannan a kansa ba."

Caltu ta buɗe baki, amma mijin ya dafa kafaɗarta. Mutum ne mai sanƙo, mai sanyin murya.

"Shiga ki ga babanki. Ina cikin mota."

Asama'u ta bi ta ciki. Baba Bariso ya buɗe ido, ya dubi 'yarsa ya daɗe. Ya ce wani abu da Oromo, ta durƙusa ta kifa fuskarta a bargon, ya ɗora hannu a kanta. Asama'u ta sulale kicin ta ɗora ruwan shayi da ba wanda ya nema. Daga nan tana jin muryoyinsu, tasa a karye, tata na hawa tana sauka. Sau ɗaya Caltu ta ɗaga murya kamar faɗa, sannan ta sassauta.

Asama'u ta leƙa titi. Dawit na zaune a mota, hannu biyu a kan sitiyari. Ta koma kicin. Ta sake leƙawa. Awa ɗaya ta wuce, ta biyu ta wuce. Lencho na zaune a matakalar bene yana jan carbi, Jamal na kai da komo a ɗan siririn lungun.

Wajen azahar numfashin tsohon ya canza, ya koma kamar ana jan tsumma a ƙasa. Caltu ta kira Asama'u. Baba Bariso na motsa baki, idonsa a kan taga. Wannan karon da Turanci ya yi magana, yadda kowa zai ji.

"Wancan... har yanzu yana waje?"

"Yana waje, Baba," in ji Asama'u.

"Ana ruwa. Ku ce ya shigo."

Lencho ya miƙe daga matakalar. Asama'u ta wuce shi ta fita a guje.

Motar tana nan, amma ba kowa a ciki. Ta dubi hagu, ta dubi dama. Ta ruga har kwanar layin, silifas ɗinta na fallatsa ruwa, tana kiran sunan mutumin da sau ɗaya ta taɓa gani. Wata tsohuwar Baturiya mai jan kare ta tsaya tana kallonta. Ta zagaya ta wajen kasuwa, ta leƙa shagon jarida, ta leƙa wurin jiran bas. Babu shi. Ba ta da lambarsa, wayarta ma tana kicin.

Da ta dawo, tun daga ƙofa ta ji Jamal na salati. Habu ya shigo, yana tsaye a gefen gado, ya riga ya rufe wa tsohon ido. Caltu na riƙe da hannun uban, ba ta kuka, tana dai shafa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya kashe injin oksijin, falon ya yi wani irin shiru.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," Asama'u ta ce, ta jingina da bango, numfashinta bai dawo daidai ba.

Can sai aka ƙwanƙwasa ƙofa a hankali. Lencho ne ya fi kusa. Ya tsaya jim, sannan ya murɗa ya buɗe.

Dawit ne, kafaɗunsa a jiƙe, riƙe da leda mai lemo da burodi da madara. Ya ce ya ga an daɗe, ya yi tunanin ba a ci komai ba a gidan. Ya dubi fuskar Lencho, ya dubi ta Asama'u, ya fahimta.

"Ya ce ka shigo," in ji Lencho, muryarsa a dushe, idonsa a ƙasa. Ya matsa gefe.

Dawit ya ajiye ledar a dokin ƙofa. Ya sunkuya ya kwance igiyar takalminsa, ya cire ɗaya, ya cire ɗayan, ya jera su a waje. Ya tsaya da safa a kan jiƙaƙƙen dakalin, yayyafi na sauka a cikin takalman.