Baƙin Kumatu

Tun da baƙin nan ya fito min a fuska, kowa ya zama likita. Da farko ɗan duhu ne a kumatu, kamar na shafo gawayi. Sai ya bazu dama da hagu, ya hau goshi, ya zauna a saman leɓe kamar gashin baki. Ba ciwo, ba ƙaiƙayi, amma surutun mutane ya ishe ni.

A shagona na ɗinki, mace za ta zo awon riga, ina auna ƙugunta tana auna fuskata. "Man bilicin ne ya ƙone ki?" Ni da ko basilin sai na tuna nake shafawa! Mai kitson da ke jikin shagona ta ba ni wani mai a kwalba marar suna. Na shafa, ya ci ni, wurin ya ƙara duhu.

Surukata, wadda muke kira Mama, ta tasa ni gaba sai asibiti. Ta bi ni har gaban likita, ta kuma zauna a kujerar da aka ajiye domin ni.

Likitar ta haska fuskata ta ce, "Fata ce take fitar da launi fiye da kima. Akwai gado, kuma rana da zafi suna ƙara shi. Amma abin da ya fi tayar da shi, ciki ne ko ƙwayar hutun haihuwa."

"Ciki!" in ji Mama, har da tafi. "Ni dama na faɗa!"

Haihuwar ɗana ta kusa kai ni kabari, shi ya sa ni da maigidana muka yanke in huta. A gwangwanin maɓallai nake ɓoye ƙwayar, saboda Mama ba ta da zance sai na ƙarin jika.

"Akwai ciki?" likitar ta tambaye ni.

"Babu," na ce.

Mama ta sauke hannuwanta. Likitar ta rubuta min man kare rana, ta ce wa bango, ba ni ba, wai in ƙwaya ce, wani lokacin yakan dushe idan aka daina.

Muka koma shago. Ni kuwa ina ta tafasa, ina shirya amsar da zan ba Mama in ta tayar da zancen ƙwaya. Mai kitso ta leƙo da tsinken kitso a hannu. "To, me aka ce?"

"Rana ce," in ji Mama. "Ba ki ga keken ɗinkinta a bakin taga yake ba? Zo ki kama mu ja shi."

Da mai kitso ta fita, Mama ta matso ta nuna min kumatunta. Duhun da ke wurin na daɗe ina gani, na ɗauka tsufa ne.

"Da cikin mijinki ya fara," ta ce. "Kowane ciki sai ya ƙaru. A na ƙarshe har an fara yi wa yarana gaisuwar mutuwata. Ni ba wanda ya ce in huta."



"Kada ki daina shan ƙwayar saboda fuska," ta ce. "Ɗanki uwa yake so, ba kumatu ba."