Teku Ranar Talata

A zangon Sekondi na ƙasar Gana, inda aka haifi Abibatu, ba a shiga teku ranar Talata. Dokar masuntan Fante ce, ba ta Musulmi ba, amma ubanta a hannunsu yake sayen kifi yana banda, kuma wanda ya zauna da mutane shekara arba'in ba ya rasa ɗaukar tsoronsu. Yau shekararta talatin a unguwar Lozells ta Birmingham tana aikin kula da tsofaffi, teku sai dai a talabijin. Duk da haka, da surukinta Ubaidullah ya bugo daga Manchester ya ce ya kama musu jirgin kamun kifi a gaɓar Wales, rana ta fara tambaya.

"Talata ce, Mma. Weekend duk an cike."

"Talata ba a shiga ruwa."

Ashe wayar a buɗe take. Wata murya ta taso daga bayansa: "Ka dai ji da kunnenka. Irin abin da ake ɗura wa yarinya ke nan."

Hajiya Raki ce, mahaifiyar Ubaidullah. Wata biyar da zuwanta daga Kano, ranar Lahadi za ta koma, kuma ta rantse ba ita kaɗai za ta hau jirgin sama ba. Jikarsu, 'yar shekara tara, za ta tafi da ita a gyara mata tarbiyya, tunda a nan ba ta iya durƙusawa ba, Hausarta kuwa rabi Turanci rabi na Gana. Ubaidullah ya riga ya sayi tikiti amma ya kasa cewa eh ko a'a a gaban matarsa Salimatu. Shi ya sa ya ƙirƙiro wannan fita, wai iyaye su sha iska su fahimci juna. Mutum mai digiri uku, yana ganin iska za ta yi abin da bakinsa ya kasa.

Abibatu ta san in ta tsaya a tudu, a kan ruwa za a yanke maganar ba da ita ba. Yarinyar nan ita ta goya ta shekara huɗu a Lozells lokacin da iyayen suke fama da uni, wato jami'a. Ta daka citta saboda jirin teku, ta ɗaura zanenta a kan wando, ta hau motar ɗanta Rahman tun da asuba.

A bakin tashar jiragen suka haɗu. Hajiya Raki na tsaye cikin mayafi mai duwatsu, ga Sanda abokin Ubaidullah yana riƙe mata kula.

"Maman Salimatu, ashe aljanun sun ba ki izini."

"Sun ce in gaishe ki, Hajiya. Sun ce kin karya kumallo da me?"

"Waina da miyar taushe, alhamdu lillahi. Mu ba ma fita da yunwa."

"Madalla," in ji Abibatu, ta mayar da cittarta cikin jaka.

Yarinyar ta rugo ta rungume ta. Sunanta na yanka Mero, sunan kakar Ubaidullah ta wajen uba, wato surukar Hajiya Raki, don haka bakin Hajiya ba ya faɗinsa. Kowa Inaya yake ce mata. Wannan ma Hajiya ba ta faɗa, domin Abibatu ce ta raɗa shi. Iya take kiranta, yarinyar kuwa ba ta taɓa waiwayowa ba. Shi ma Ubaidullah ɗan fari ne, tun da ta haife shi ba ta kama sunansa ba: "wannan", "shi yaron", "kai". A Kano ana yabon wannan, ana cewa kunya adon mace. Abibatu ta daɗe tana mamakin adon da zai hana ka kiran abin da ka haifa, amma wa ya tambaye ta?

Mai jirgin wata Baturiya ce, Bethany, mai hannu kamar na maƙeri. Ta ɗaura wa Inaya rigar ceto da kanta, ta ja igiyoyin sosai, ta ce kowa ƙafarsa biyu a ƙasa, ba hawa kan komai. Suka yi awa biyu suna tafiya har tudu ya zama zare, sannan ya ɓace.

Inda aka kashe inji, nan teku ta fara nuna hali. Jirgin ya riƙa tashi yana zama kamar raƙumi mai gardama. Salimatu ce ta fara shigewa ɗakin direba ta kwanta. Sanda ya bi ta da ido, ya yi dariya, bai rufe baki ba shi ma ya rungumi ƙarfen gefe. Hajiya Raki ta daure iyakar daurewa, sannan wainar ta dawo a gaban surukai da Baturiya, miyar taushe har kan duwatsun mayafi. Abibatu ta tura mata bokiti da ƙafa.

"Ga citta, in ba camfi ba ce."

"Riƙe kayanki."

Kifi kuwa ya zo. Rahman ya jawo biyar a zare ɗaya, masu zanen shuɗi a baya. Hajiya ta ɗago kai daga bokiti ta ce titus ne. Abibatu ta ce a Gana saman ake ce masa, tun tana yarinya take bandarsa.

"Komai naku sai kun sake masa suna. Har 'ya'yan mutane."

"Mu dai muna kiran sunan."

Ubaidullah ya yi kamar iska ta ɗauke maganar. Abibatu ta ja wuƙa ta koma bayan jirgi tana yanka kifin da za a saƙala a ƙugiya, ta ba su baya. Hannunta na aiki, zuciyarta na Lahadi. An ce haƙuri maganin zaman duniya. Wanda ya fara faɗin haka ba a taɓa sayen tikitin jikarsa yana zaune ba.

Can wajen azahar wani abu mai nauyi ya kama fatsar Ubaidullah, sandar ta lanƙwashe. Rahman ya matso da waya yana ɗauka, Bethany ta juya ɗauko raga. Duk maza sun zuba ido a ruwa. Inaya na bayan ubanta, taku ɗaya, da tata 'yar sandar. Ita ma ta ji an ja, ta kasa gani saboda gefen jirgin ya fi ta tsayi, sai ta hau kan kular Hajiya ta leƙa, cikinta a kan ƙarfe.

Hajiya Raki ce kaɗai ta gani, daga inda take zube a kan benci, ƙafafu sun ƙi ɗaukarta.

"Iya. Iya, sauko."

Yarinyar ba ta san da ita ake ba.

"Kai. Kai wannan. Yaron nan, duba bayanka."

Maza uku ne a wurin, kowanne "kai" ne, kowanne ɗan wata ne. Babu wanda ya juyo. Abibatu ce ta juyo, don ta ji wani abu a muryar da ba ta taɓa ji ba. Ta ga igiyar ruwa na tahowa ta gefe, ta ga kular na zamewa.

"Ubaidullah! 'Yarka!"

Ya saki sandar fatsa, ya juya, jirgin ya karkata. Ƙafafun Inaya sun riga sun bar kula. Ya cafko igiyar rigar ceton ta baya, kanta a ƙasa, gashinta na shan ruwa, ya fizgo ta suka zube tare a kan kifin Rahman. Sanduna biyu suka tafi ƙasan teku, da abin da ya kama su.

Bethany ta ta da inji ba ta tambayi kowa ba. Ta faɗi maganganu da Turancin da ba a koyarwa a uni.

Abibatu ta cire mayafinta ta naɗe yarinyar, tana goge mata kai. Sai da ta tabbata kowa na ji, har Salimatu da ta rarrafo daga ɗaki, sannan ta yi magana, a hankali.

"Hajiya, ni camfina rana ɗaya ne a mako. Naki fa? Kina kallo, ɗanki na gabanki, sunansa na bakinki. A Kano in ta hau rijiya, wa za ki kira? Wannan?"

"Ni na gan ta," in ji Hajiya Raki. "Ni na fara..."

"Kin gan ta. Mun gode."

Hajiya ta dubi ɗanta. Shi yana duban tafin hannunsa, inda igiya ta yanke shi. Hajiya ta san muryarta ce ta juyo da Abibatu, Abibatu ma ta sani. Kalma ɗaya ce, da Abibatu ta faɗe ta da an raba ladan biyu. Ta ci gaba da goge kan yarinyar.

Awa biyun komawa Inaya sai tambaya take ko kifinta babba ne.

A wurin ajiye motoci Ubaidullah ya buɗe but ɗin motarsa, ya daɗe yana gyara abin da ba ya bukatar gyara. Sannan ya ciro jakar Inaya ta goyo, ya zagaya ya sa a motar Rahman. Ya dawo ya rusuna a gaban uwarsa, idonsa a kan takalminta.

"Hajiya, ta tsorata. Bari ta bi Mma Birmingham ta huta, ko sati biyu ne."

"Jirgi Lahadi ne."

"Eh, Hajiya."

Ta daɗe tana kallon ƙeyarsa. Sannan ta juya ga Abibatu.

"Ki ji daɗi. Allah na nan."

"Yana nan, Hajiya. Har ranar Talata."

Sanda ya miƙo ledar kifi, yana tambaya yadda za a raba. Hajiya Raki ta ce ba ta cin abin da aka kama a wannan fita, ta shiga mota ta ja ƙofa. Abibatu ta karɓe duka.

A hanyar Birmingham, sun kusa garin Shrewsbury Inaya ta ɗago daga cinyarta ta ce, da Turancinta na Manchester, ita fa ta ji ɗayar kakar tana ta kiran wata Iya, wace ce Iya?

"Kwanta," in ji Abibatu. "Iska ce."