Amsar Sahiya da Amsar Malaminta

Takardu biyu ne a kan teburin Mushe Mumuni, wato Malam Mumuni, diraktan lakwal, makarantar boko: amsar da Sahiya ta rubuta a jarrabawar labarin ƙasa, da wadda malaminta, Mushe Halilu, ya shirya don gyara. Ko waƙafi bai bambanta ba. Diraktan ya ce magana a fili take, yarinya ta saci takardar malami daga buro, wato ofis, kuma hukuncin sata kora ne, ko da saura wata biyu babbar jarrabawa.

Mahaifinta, Alhaji Chindo mai motocin Tsarnawa, ya kafe ta da ido. Ita kuwa ta sunkuyar da kai, ta ƙi cewa uffan.

Mushe Halilu kaɗai ya san dalilin shirun. Shekara ashirin yana karantarwa daga kaye ɗaya, littafin rubutunsa da ya yi jawur, sai bana, 2008, yara suka fara zuwa masa da tambayoyin da kayen bai san da su ba. Ya lallaɓa gidan intanet na kusa da tashar Konni, ya zauna gaban na'ura bai san inda zai taɓa ba. Sahiya ce ta gan shi, ta nemo masa shafi kan zaizayar ƙasa. Ya kwafe tsaf, ya roƙe ta kada kowa ya ji. Ashe ita ma ta haddace shafin.

Diraktan ya ɗauki biro zai sa hannu a takardar kora.

"Dakata, ranka shi daɗe," in ji Halilu. "Ba ta sata ba. Wuri guda munka kwaso, kuma ita ta gwada mani wurin."

Alhaji Chindo ya juyo a hankali.

"To, Mushe, wa ka karantad da wa?"

Kunya ta rufe Halilu, amma ya daure. Don ya nuna yarinyar ta san karatunta, ya ce ta gaya musu abin da ke cin gonar mahaifinta a Tsarnawa duk damina, da yadda za a tsai da shi.

Sahiya ta ɗago kai. Ta ce babu Tsarnawa a shafin.

Diraktan ya ajiye biro, ba a kore ta ba. Amma Halilu bai ji sanyi ba, domin da a ce shi aka jefa wa tambayar, shi ma abin da zai ce ke nan.